Bijimin kasuwa, na tasha ko allurar barbara: wanne ya dace da garkenka a Maraɗi?

Da kaka ta yi an sayar da gyaɗa da wake, masu 'yan shanu a bayan gari sukan shiga shawarar gyara iri. Wani ya ce a tafi Sabon Mashi ko Dakoro a zaɓo bijimi, wani ya ce ai yanzu allura ake yi wa saniya da maniyyin shanun Turai. Kafin ka kwance lalita, ga abin da masu bincike suka gano game da ɗaukar cikin saniya, don shi zai nuna maka inda kuɗinka ya kamata su tafi.

A 2009 aka kammala karanta ƙwayoyin gadon wata saniya jinsin Hereford a Amurka, aka ƙiyasta sun kai kimanin 22,000. Sai dai ba duka suke aiki lokaci guda ba. Kamar binne ne: irin yana ƙasa, amma sai ruwa ya sauka zai tsiro. Abinci da zafi da ciwo su ke tada wasu su kwantar da wasu. Wajen kwana 16 bayan barbara, ɗan tayin yakan fitar da wani sinadari mai suna interferon tau, wanda ke tada wasu ƙwayoyin gado a mahaifa, jikin uwar ya san akwai ciki. In tayin ya yi rauni saboda yunwa ko zafi, saƙon ba ya isa, cikin ya lalace ba a sani ba, saniya ta koma neman sa bayan mako uku ko fiye. Mai shanu kuwa sai ya ɗora wa bijimi laifi. Abin da gado ke bayarwa a saurin ɗaukar ciki bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ragowar na hannun mai kiwo da yanayi. Saboda haka in shanunka ƙasusuwan haƙarƙarinsu na ƙirguwa a bazara, harawa da dusa da angurya sun fi maka sabon iri gaggawa.

Bijimin kasuwa shi ne mafi sauƙi, kuma ido ya gani hannu ya taɓa. Bororo jarumin tafiya ne, ya dace da mai tura shanu arewa da damina, amma nononsa kaɗan ne kuma ba ya son turke. Gudali yana da sanyin hali da cikar jiki, mai kiwon gida zai ji daɗinsa. Azawak ya fi su duka nono, ga jure fari. Ko wanne ka zaɓa, kada tozo da ƙaho su ɗauke maka hankali. Sunkuya ka duba maraina: su zama manya, daidai da juna, ba kumburi ba tauri. Duba ƙafafun baya, domin a kansu yake tsayawa wajen hawa. In ka ga kumburi a gwiwa, ka yi zaton bakkale, ciwon nan mai sa shanu ɓari, wanda mutum ma kan ɗauka ta ɗanyen nono. A nan kada ka ji kunyar dillali, ka ce sai likitan dabbobi ya gwada jini.

Akwai abin da ido ba zai nuna maka ba. Maniyyin sa yana ɗaukar kusan kwana 60 kafin ya nuna, don haka zazzaɓi ko tsananin zafin yau zai iya ɓata barbarar wata biyu masu zuwa. Na taɓa sayen wani ja mai kyan gani a ƙarshen bazara, ya yi ta hawa ba ciki, har na fara neman mai saye. Ashe ciwo ya tashi daga gare shi kafin a kawo shi kasuwa. Da damina ta zauna sai karsana uku suka ɗauka.

Bijimin tasha, wato na tashar kiwo ta gwamnati, ya fi tsada da wahalar samu, amma da tarihinsa kake sayensa. Tashar Tukunus da ke kusa da Filinge ta shafe shekaru tun 1954 tana tace jinsin Azawak, ana rubuta nonon kowace saniya da tazarar haihuwarta. A nan kusa kuma akwai cibiyar kiwo ta gwamnati a Fako, yankin Dakoro. Tambaya biyu za ka yi: lita nawa uwarsa ke bayarwa, kuma wata nawa ne tsakanin haihuwarta? A ganina, ga mai shanu biyar zuwa ashirin, wannan ne zaɓin da ya fi, musamman in maƙwabta suka haɗa kuɗi suka sayi guda.

Allurar barbara tana raba ka da ciyar da bijimi shekara guda, kuma tana rage yaɗuwar ciwo. Sharuɗɗanta ne masu tsauri. Ana ajiye maniyyin cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, in tulun ya bushe a hanya, ruwan banza za a ɗura wa saniyarka. Shanunmu masu tozo kuma neman sa nasu gajere ne, sau da yawa cikin dare, alhali ana son a yi allurar wajen awa 12 bayan ganin alama. Shi ya sa ake fara yi musu maganin daidaita lokacin neman sa, wanda shi ma kuɗi ne. Ka tambaya tun farko ko farashin ya haɗa da maimaici, domin ba kowace ke ɗauka a karon farko ba.

Sai batun jinsi. Holstein, saniyar Turai, tana da nono ba gardama, amma jikinta na ƙasar sanyi ne. Ruwa biyu, rabi da rabi, tana iya zama a Maraɗi in akwai rumfa da ruwa da maganin kaska. In jinin Turai ya wuce haka, zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40 zai sa ta haki, ta rage ci, ciki ya ƙi zama.

Takardar gwajin DNA, wato na ƙwayoyin gado, da wasu ke nunawa kuwa, ka karɓe ta da taka-tsantsan. Tun 2009 Amurka ke zaɓen bijiman Holstein da irin wannan gwaji kuma yana aiki, saboda an auna shi da bayanan dubban shanunsu. Azawak da Bororo ba su da tarin bayanai irin wannan, sai hasashen ya yi rauni a kansu. Gwajin da zai amfane ka shi ne na ciki: ana ganewa ta jini daga kwana 28, likita kuma yana tabbatarwa da hannu wajen wata biyu. Ka samu ɗan littafi ka rubuta ranar da aka hau kowace saniya, ka ƙirga kwana 21, ka leƙa garke da asuba a ranar ka ga ko ta koma neman sa.