Labarin sauyin yanayi: na waje ko na gida za a ba 'yar sakandare?

Hajiya, kin tambaya wane ƙagaggen labari kan sauyin yanayi ya fi dacewa da 'yarki mai shekara 16, na waje ko na gida, tunda dukansu suna taɓo addini.

Na waje sun fi gudu. Ɗauki Parable of the Sower na Octavia Butler, wanda ya fito a 1993. Yarinya ce 'yar shekara 15 a Kalifoniya, 'yar fasto, a zamanin da ruwa ya fi fetur tsada. Aka ƙone unguwarsu, ta nausa arewa a ƙafa. In kin fara shi, tuwo sai ya ƙone a murhu. Sai dai yarinyar ta bar addinin ubanta ta ƙago nata, ga kuma kisa da fyaɗe ba a sakaya ba. Kada ki miƙa wa 'yarki littafin ki juya baya.

Na gida ba su da yawa, kuma tafiyarsu daban ce. Yaron da ke cikin labaranmu ba ya neman addini, a cikinsa aka haife shi. Rigimar tana wani wuri: damina ta makara, gero ya fara murɗewa, an fita filin Idi roƙon ruwa an juya riguna, sai yaro ya dawo daga makaranta yana cewa sare itatuwa da hayaƙin masana'antu ne suka jawo. Kakansa, wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ya ce a'a, zunubin mutane ne. Marubucin kirki ba ya mayar da ɗayansu wawa, kuma a nan daɗin yake. Mu a Katsina ba sai an zana mana duniyar gobe ba. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta 2018, ko ya bi hanyar Daura zuwa Mai'aduwa da rani, ya riga ya san fagen.

Inda namu ke tuntuɓe shi ne wa'azi. Labari na tsaka da daɗi sai a kawo malami ya share shafi uku yana huɗuba, ko soyayya ta haɗiye farin gaba ɗaya, a koma zancen lefe. Yaran kuwa tsallake irin waɗannan shafuka suke yi, ba dai su gaya miki ba.

Ni zan fara mata da na gida. Na Butler ki fara karanta shi da kanki, in ta gama jarrabawa ku karanta tare, babi-babi.