Wata huɗu ina aiki da shafukan taimako na cikin R

Ni ba gwanin kwamfuta ba ne. Aikin digiri na biyu ne ya haɗa ni da R, manhajar lissafin ƙididdiga, don ina bin farashin masara da gero a kasuwar Kawo da babbar kasuwar Kaduna, kuma malamina ya ce da shi zan yi lissafi. Da farko duk abin da ya shige min duhu intanet nake rugawa. Sai wani dare a Tudun Wada data ta ƙare min, ga shi na nemi matsakaicin farashin mudu, R ya ba ni NA kawai, wato alamar babu adadi. Haushi ya sa na buga ?mean, wato alamar tambaya da sunan umarnin matsakaici, shafin taimakonsa ya buɗe nan take ba tare da intanet ba, domin tare da manhajar ake sauke shi. A nan na ga na.rm, zaɓin tsallake guraben da babu komai, wanda in ba ka taɓa shi ba yana zaune a FALSE. Makonni biyu da ban je kasuwa ba na bar gurbinsu babu komai, su ne suka ɓata lissafin. Na mayar da shi TRUE, amsa ta fito.

Abin da ya fi amfanata shi ne sashen da ke jera abin da kowane umarni ke ɗauka in ba ka faɗa masa komai ba. Na taɓa kai wa malamina sakamakon t.test, gwajin kwatanta matsakaicin rukuni biyu, ya duba ya ce, "Malam, wannan bai yi daidai da nawa ba." Na koma gida jiki a sanyaye. Ashe R gwajin Welch yake yi kai tsaye, wato ba ya ɗauka cewa bambancin da ke cikin rukunonin biyu ɗaya ne, sai ka sa var.equal = TRUE. Layi ɗaya ne a shafin, da na karanta da ban sha kunya ba. Haka kuma shafin na sigar da ke kwamfutarka ne. Tun R 4.0.0 na shekarar 2020 aka sauya yadda read.csv, umarnin shigo da fayil ɗin bayanai, ke karɓar rubutu, amma tsofaffin amsoshin intanet har yau tsohon zance suke yi.

Sai dai fa shafukan nan ba malamai ba ne. Masana ne suka rubuta wa 'yan'uwansu masana, da Turanci mai tauri, ba rarrashi. Ranar da na buɗe ?par don in gyara zane, sai da idona ya yi ja ban kai ƙarshe ba. Kuma alamar tambaya ɗaya tana aiki ne in ka riga ka san sunan umarnin. In ba ka sani ba sai ka sa biyu, kamar ??regression, ya zubo maka jerin da sai ka yi tankaɗe da rairaya.

Dabarar da na koya ita ce farawa daga ƙasan shafi, inda misalai suke. Ina kwafe su in gwada a kan bayanan da R ya zo da su, irin su iris mai furanni 150, in ga abin da ya fito, sannan in hau sama in karanta bayani. Ƙanwata da ta fara koyo a watan jiya ban bar ta da shafukan kaɗai ba. Na zauna da ita sati guda tukuna, sannan na nuna mata maɓallin F1 mai buɗe shafin taimako a RStudio, manhajar da ake aiki da R a cikinta.