Sharhi kan ƙaramar tarakta mai batir a garkar albasa: ƙarfinta da matsalar rele

Ƙaramar tarakta mai aiki da batir da nake amfani da ita a garkar albasa, a bayan garin Tahoua, ta biya mini buƙata wajen kaftu da jan kaya, musamman da yake ba ta shan mai kuma ana iya cajinta da faifan sola. Batir huɗu gare ta masu volt 12, an jera su sun ba da volt 48. Rauninta yana ga babban rele, wato makunnin da ke haɗa batir da injin idan an murɗa makulli.

Ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, suna gajiyar da wannan rele, har wata rana a murɗa makulli a ji ƙara “ƙas” amma tarakta ta ƙi motsi. Wannan ƙarar tana nuna cewa naɗin wayar da ke ciki yana aiki, sai dai bakin ƙarfen da ke haɗuwa ya ƙone, ko kuma batir ya yi sanyi. Idan ba a ji komai ba, fiyus da makulli da makunnin ƙarƙashin kujera (wanda ke hana tarakta tashi idan babu kowa a zaune) ya kamata a fara dubawa. A ganina, sau da yawa laifin batir ake ɗora wa rele, domin batir ɗaya tak da ya mutu a cikin jerin yana iya nuna volt 12 a zaune, amma ya faɗi da zarar an ɗora masa nauyi. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna wajen volt 12.6, saboda haka a auna kowanne shi kaɗai, kuma a lokacin da injin ke ja.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar wasu masu gyara ta sanya rele na mota, ko tsallake shi da guntuwar waya. Wutar batir ba ta juyawa kamar kuran na gida, don haka tartsatsinta ba ya saurin mutuwa, yana iya narkar da bakin ƙarfen ya manne, tarakta ta ƙi tsayawa ko an cire makulli.

Volt 48 ba ya cika jan mutum, amma sifana ko zobe da ya haɗa kawunan batir zai ja ɗaruruwan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) ya yi jajir nan take. A cire zobe da agogo, a kwance wayar batir, sannan a auna kafin a sa hannu, domin akwatin sarrafa injin yana riƙe wuta bayan an kashe. Kada a yi caji a rufaffen ɗaki, saboda iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Ina ba masu garka shawarar sayenta, da sharaɗin su haɗa da rele na ajiya mai volt 48 da mitar auna wuta, domin samun irinsa a nan yana da wuya, sau da yawa sai an aika Yamai ko Ƙwanni.