Saitin kurlin na daɓe: zai yi aiki a Kaduna?

Kurlin wasa ne na tura dutse a kan ƙanƙara, kuma Faransa ta daɗe a cikinsa. A garinta na Shamoni aka buga shi a gasar Olamfik ta hunturu ta 1924, inda ta samu tagulla, ko da yake ƙasashe uku ne kacal suka shiga. Daga kulob ɗin garin ne Thomas Dufour ya fito, wanda ya ja ragamar tawagar Faransa a gasar Olamfik ta 2010 a Kanada. Mu nan ba mu da ƙanƙara sai ta firji, shi ya sa makarantu da kulob-kulob za su fi duba saitin da ake bugawa a kan daɓe.

Yawanci saitin na zuwa da duwatsu 8 na roba, huɗu ja huɗu shuɗi, da shimfiɗa mai zanen da'irori inda ake auna maki. A ƙarƙashin kowane dutse akwai boris uku, a kansu yake gudu. Dutsen gaske kuwa, wanda galibi ake sassaƙowa daga tsibirin Ailsa Craig na Sikotilan, nauyinsa kilo 17 zuwa 20 ne. Na robar kuwa ko yaron firamare zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Filin ƙanƙara ya kai mita 45, amma nan filin badminton mai mita 13.4 ya wadatar.

Daɓen shi ne komai. Tarazo mai santsi ko katakon ɗakin wasanni sun fi dacewa. Tayil bai yi ba, don boris na faɗawa cikin layin da ke tsakani, dutsen ya yi tsalle ya kauce. Kafin a sayi saitin, a gangara ƙwallo a ɗakin daga kusurwa biyu. In kullum gefe guda take nufa, daɓen a karkace yake, wasan zai zama na sa'a.

Babbar matsalar ita ce ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rairayi mai laushi na shiga boris, sai a ji dutsen na ƙara yana tsayawa a rabin hanya. A share, a goge da ɗanyen tsumma, a jira ya bushe sarai. Bayan wasa a kifa duwatsun a goge boris da busasshen buroshi. Kada a ɗura masa giris, ƙura yake kamawa ya zama laka. Shimfiɗar ma in aka bar ta a nannaɗe cikin but ɗin mota da zafin Maris, bakinta na tashi ya tare dutse, sai an manne shi da salatif.

Abin da saitin ba zai koyar ba shi ne shara da lanƙwasa. A ƙanƙara ana murɗa mariƙin dutse ya tafi yana karkata, masu tsintsiya biyu na goge gabansa don ya ƙara nisa. Nan dutsen kusan miƙe yake tafiya. Amma aikin kyaftin irin su Dufour ana samunsa: auna ƙarfin turi, kafa dutsen tsaro a gaba, sanin lokacin da za a buge na abokin hamayya. Ƙirgen maki ma iri ɗaya ne, wanda dutsensa ya fi kusa da tsakiya shi kaɗai ke ci, maki ɗaya a kan kowane dutsensa da ya riga mafi kusa na ɗaya ɓangaren.

Makarantar da ke da zaure mai tarazo ba za ta yi asara ba. A dai tambayi mai sayarwa ko yana da boris na canji, don shi ke fara mutuwa.