Motar lantarki a Birnin Kebbi: wacce za ka saya, nawa kuma za ta ci maka?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin mai mota ya birkice. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Shi ya sa yanzu a majalisa da ofis zancen motar lantarki ya yawaita, dillalai kuma sai turo hotuna suke ta WhatsApp. A garin nan abu biyu ne za su nuna ko ka ci riba ko ka tafka asara: inda za ka samu wutar caji, da yadda batirin zai jure zafin Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ya kawo mu. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 a tafiyar kilomita 100, yunit ɗin nan dai da kake lodawa a mitar gida. In ka kunna na'urar sanyaya mota, ka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji, a ce yunit 20. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai wutar Band A naira 225 kowane yunit, daga baya aka sauko da ita kusan 210. Ke nan kilomita 100 zai ci maka wajen naira 4,200. Corolla mai lafiya tana shan kamar lita 8 a wannan tafiyar, in mun ɗauki lita a 1,000 don sauƙin lissafi, 8,000 ke nan. Nan dillali zai tsaya, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa ba. Band A na nufin wuta awa 20 a rana. Kai ka san awa nawa layinku ke samu, ka kuma san ƙarfinta idan ta zo da magariba. Ranar da ka koma ga janareta, ribar ta tafi: ƙaramin janareta na fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 a lita ɗaya, don haka yunit 20 zai sha lita 10, ya fi Corolla ci. Wanda ba shi da wuta tsayayya kuma ba shi da niyyar sa sola, ya ajiye maganar motar caji tun daga nan.

Irin wannan mutum, haibirid ya dace da shi, wato mai haɗa fetur da ƙaramin batir da take cajin kanta. Prius ta 2010 zuwa 2015 tana shan wajen lita 5 a kilomita 100, kusan kuɗi ɗaya da motar caji a kan Band A, kuma za ta kai ka Abuja ta Yauri da Kontagora ba tare da neman soket ba. Ita kaɗai ce nake ganin ƙimarta cikin masu gasa. Sai dai ta yi ƙasa da yawa ga hanyoyin unguwa da damina, kuma fankar sanyaya batirinta na cika da ƙurar hunturu, dole a riƙa buɗewa ana sharewa. Tesla kuwa ta masu kuɗin Legas da Abuja ce, fitila ɗaya ta fashe sai ka ajiye ta. Mayar da mota mai gas ɗin CNG yana da arha a baki, amma ka fara nemo inda za ka sha gas ɗin. Ƙananan motocin nan masu kama da keke mai ƙafa uku da aka yi wa rufi, masu tsohon samfurin batir na dalma, ban ɗauke su mota ba. Hyundai Kona mai yunit 64, wadda aka fara haɗawa a Legas, mota ce mai kyau, amma a 2021 kamfanin ya kira dubbai don canza batir saboda haɗarin gobara, ka nemi takardar da ke nuna an canza na wadda ake nuna maka. Masu haɗa caji da fetur irin Chevrolet Volt, wadda ɗan Sakkwato Jelani Aliyu ya zana siffarta ta farko, sun yi a takarda, amma an daina ƙera Volt tun 2019, kuma inji da batir duk suna kanka.

Wadda ta fi yawo a wayoyin dillalai ita ce Nissan Leaf, saboda arharta. Ta farko batirinta yunit 24 ne, aka yi mai 30, sannan mai 40 daga 2018. Dukkansu ba su da ruwan sanyaya batir, iskar gari suka dogara da ita, kuma tun a jihar Arizona ta Amurka aka gane zafi na cinye irin wannan batir da wuri. Motar da za ta wuni a rana a filin sakatariyar Gwadangaji, batirinta ba zai taɓa hucewa ba.

Ni dai BYD Atto 3 nake tukawa, kuma ita nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Dalilina na farko batirinta ne. Nau'in LFP ne, na ƙarfe da fosfat, wanda ya fi sauran jure zafi, ya fi su wuyar kamawa da wuta, kuma ba ya damuwa da a cika shi ɗari bisa ɗari. Ana ma so a riƙa cika shi lokaci-lokaci don ma'aunin ya daidaita. Wannan babban abu ne a wurinmu, domin mu ba ma zaɓen lokacin caji, in wuta ta zo cikawa ake. Sannan motar tana da tsarin sanyaya batirin da kanta. Babbar tana da yunit 60 da ɗoriya, kuma a gwajin Turai an rubuta mata kilomita 420. A kan titi, da sanyi a kunne da iyali a ciki, ka sa ran 300 da 'yan kai. Argungu, Jega, Aliero, Kalgo, Bunza, duk za ka je ka dawo hankali kwance. Sakkwato kuwa, da ke wajen kilomita 150, zuwa da dawowa a caji ɗaya ganganci ne. In zan je, kwana nake na jona a masauki. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, amma kada ka kama hanya da dogaro ga kowace tasha sai ka kira ka tabbatar tana aiki kuma bakin cajarta ya dace da motarka. Zuru ko Gusau, a halin tsaron da ake ciki, ba hanyar da mutum zai so ya tsaya neman caji da la'asar sakaliya ba ce. Wannan tafiyar ta motar fetur ce.

A cikin gari ne take nuna kanta. Ma'aikacin da ke fita daga Gesse ko Badariya, ya kai yara makaranta, ya je ofis, ya biya kasuwa, da wuya ya wuce kilomita 40 a rana, wato yunit 8. Cajar soket da ke zuwa da motar tana ba da wajen yunit 2 a awa, awa huɗu ta mayar da abin da ka ci. Cika ta daga ƙasa da wannan caja zai wuce awa 24, da cajar bango mai kilowat 7 kuwa kamar awa 9. Sola ce ta sa lissafin ya zama nawa. Faranti 8 masu wat 550 za su iya ba ka kusan yunit 18 a rana mai haske in kana wanke su, don ƙura na rage musu ƙarfi sosai. Dabarar ita ce a yi caji da rana kai tsaye daga faranti, a rage ƙarfin cajar daidai da abin da inbata za ta ɗauka. Kada ka zuƙe batirin gida da dare don ciyar da mota, za ka kashe shi kafin lokacinsa. Ni Asabar da Lahadi nake cika ta, sauran ranaku in ɗan ƙara bayan an tashi aiki. Kuɗin faranti da inbata ka sa su cikin kuɗin mota tun farko. Akwai kuma wata fa'ida: motar tana iya fitar da wuta, in an ɗauke da dare sai ka jona fanka da firji da fitilu a jikinta.

Ba baƙin mai, ba fulogi, ba filtar mai, ba salansa. Birki yana daɗewa saboda motar tana rage gudu da injinta tana mayar da wuta batir. Amma tana da nauyi, wajen kilo 1,750, tayoyi suna saurin cinyewa, kuma ba ta zuwa da safaya, sai kayan faci. Ka sayi safaya da jak kafin ka fita gari. Gilashi ko bamba in sun lalace, jira ne daga Legas ko Sin. Wayoyin nan masu ruwan lemo a cikin bonet suna ɗauke da wuta wajen bolt 400. Kada ka bari ɗan rewaya ya sa hannu, komai ƙwarewarsa a motar fetur.

Kafin wannan motar na taɓa sayen wata tsohuwar ta lantarki a hannun wani dillali, kuma abin da ya same ni ne ya sa batir ya zama ma'aunina na farko. Ranar ciniki ma'aunin lafiyar batir cike yake. Ya ce min, "Alhaji, ka gani da idonka, ko sanda ɗaya bai faɗi ba, tsohuwa ce ke hawanta a can." Cikin 'yan makonni sandunan suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, motar da ta nuna za ta yi doguwar tafiya ta koma Jega ma sai da addu'a. Ashe akwai na'urar da ake jonawa a goge ƙwaƙwalwar da ke lura da batir, sai ta ɗauka sabo ne har sai ta sake auna shi da kanta. Kuɗin sabon batir kuma ya kusan kuɗin motar. Araha ba ta ado.

Don haka kada ka yarda da allon mota. A Leaf, sanda 12 ne, na farko yana faɗuwa in lafiyar batir ta sauko wajen kashi 85 cikin ɗari. Motar da ta shekara goma tana nuna 12 cif abar tuhuma ce. Ka zo da ƙaramar na'urar bincike ta OBD da manhajar LeafSpy, ka ga lafiyar batirin, da yawan cajin gaggawa da aka yi mata, da ko ƙwayoyin batirin sun daidaita. Ko wace iri ce, gwajin da ba a iya ha'inci a kansa shi ne hanya: a cika ta a gabanka, ku hau titin Argungu da gudun tafiya, sanyi a kunne, ku dawo, ka lissafa kashi nawa ta ci a kilomita nawa. Dillalin da ya ce zagayen unguwa ya isa, ka yi masa sallama.

Motocin ambaliya sun fi wannan haɗari. Ana gwanjonsu a Amurka bayan guguwa, a wanke, a shigo da su. Motar fetur da ta sha ruwa wahala za ta ba ka, ta lantarki da ruwan gishiri ya shiga batirinta tana iya kamawa da wuta bayan watanni, tana ajiye a gida. Ka ɗaga kafet, ka duba tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera, ka ja bel ɗin ɗamara har ƙarshe ka ga ko da shatin ruwa, ka shinshina but. Ka sa lambar shasi a intanet, sau da yawa hotunan gwanjon suna fitowa. Ka leƙa ƙasan motar ma, lotsawa a kwanon batir ba ƙaramin abu ba ne. In kuma daga Japan ko Ingila ta fito, asalinta sitiyarin dama ne aka mayar hagu, an taɓa wayoyinta ke nan.

Ita kanta Atto 3 tana da tarko. A Sin sunanta Yuan Plus, kuma ana shigo da ita da wannan sunan a farashi mai sauƙi. Za a ce maka tana kilomita 510. Batir ɗaya ne da mai 420, gwajin Sin ne ya fi sassauci. Bakin cajarta na Sin ne, GB/T, ba irin na Turai ba, allonta na iya zuwa da Sinanci, kuma garantin batir na shekara 8 da ake bayarwa a ƙasashe da dama ba lallai ya bi motar da ba ta biyo ta hannun wakilin kamfani ba. Ka nemi a rubuta maka wanda zai ɗauki nauyin batirin da inda za a kai motar. Ka kai takardun duti ofishin kwastan a tantance kafin kuɗi ya bar hannunka.

Jabun caja ma sun cika kasuwa: a jiki an rubuta amfiya 32, wayar ciki siririya, filogi na narkewa cikin awa biyu. Ka yi amfani da wadda ta zo da motar, ka ja mata layinta daban daga mita da waya mai kauri da abin katse wuta nata, ba wayar ƙari ba, ba soket ɗin firji ba. Gidaje da yawa a nan ba a binne musu sandar ƙarfe ta wayar ƙasa ba, kuma caja ta gaskiya ba za ta fara aiki ba sai da ita. Mai wayarin da ya ce zai yi mata dabara ta daina ƙorafi, kariyar da ke tsakanin yaranka da jikin mota yake shirin cirewa. A haƙa rami a binne sandar, a auna ta, a kuma riƙa zuba wa wurin ruwa da rani in ƙasa ta bushe. Faranti ma ka sa a auna su da mita a rana kafin a hau da su rufi, don ana liƙa takardar wat 550 a kan wanda bai kai 400 ba.