Mako 8 a ajin koyon rubutun ƙagaggen labari a Tudun Wadan Zariya

Na shiga kwas ɗin nan da labari mai shafi 140 a hannuna. Shekara biyu na yi ina rubuta shi a waya, ina tura shi kashi-kashi a wani zauren WhatsApp, masu karatu suna ta "Allah ya ƙara basira". A zatona ƙa'idojin rubutu kaɗai suka rage mini: inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, da baƙaƙe masu ƙugiya. Ana yin ajin ne duk Asabar, daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, mu 23, mata sun fi yawa.

Malamin da ya buɗe mana ya fara da tunatar da mu inda muke zaune. A garin nan Hukumar Fassara ta shirya gasar 1933 a ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita, kuma ga ginin Kamfanin Gaskiya can, tafiyar ƙafa daga ajinmu. Haifaffiyar Zariya ce ni, na wuce ta gaban ginin nan sau ba adadi, amma sai ranar na ji cewa abin da nake yi a waya cikin dare yana da asali, kuma akwai nauyi a kaina.

Abin da ya biya ni kuɗina ya faru ne a mako na uku. Malamar da ke koyar da zubi da tsari ta karɓi babina na farko ta tafi da shi gida. Da ta dawo da shi, shafi huɗu na farko duk ta ja musu layi da jan biro. A nan ne na siffanta tauraruwata: gashinta, idonta, lefenta, motar babanta. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Ƙanwata, na san kamanninta sarai. Amma me yarinyar nan take so, kuma wa ya hana ta?" Na buɗe baki, ban sami amsa ba. Raina ya ɓaci, har na hau Keke Napep zuwa gida ban yi wa kowa sallama ba. Da dare na sake karantawa, sai na ga labarin bai motsa ba sai a shafi na 5, inda uwar yarinyar ta ɓoye takardar shiga jami'a a ƙarƙashin katifa. Yanzu daga nan littafin yake farawa.

Aikin gida na mako na biyar ma ya tsaya mini a rai. Aka ce kowa ya je ya zauna awa guda a wurin da jama'a ke hada-hada, ya rubuto maganganun da ya ji ba tare da ya gyara ba. Na zauna a shagon wata 'yar uwata a kasuwar Sabon Gari. Na ji wata dattijuwa tana taya atamfa, sai da ta kushe ta tas, ta tafi, ta dawo, sannan ta kwance bakin zane ta biya. Da na kwatanta da hirar taurarina sai na ga nawa duk baki ɗaya suke magana, tsohuwa da budurwa da direba, kuma babu mai Zazzaganci a cikinsu alhali a Ƙofar Doka na ajiye su. Muka yi muhawara mai zafi a aji kan ko ya dace a rubuta "rigan" da "motan" yadda muke faɗa. Matsayar malama ita ce mai ba da labari ya tsaya kan daidaitacciyar Hausa, taurari kuwa a bar su da harshensu. Na gamsu, kuma kakar da ke littafina ta rayu tun daga ranar.

Akwai inda aka gaza. Mutum 23 sun yi wa awa uku yawa, sau biyu kacal aka karanta aikina a gaban aji. Wani malamin kuma shifta ya riƙa yi mana kan ma'anar jigo da salo daga takarda, abin da kowa zai iya karantawa a gida. Wanda ya fi ci mini rai shi ne batun bugawa. Zama ɗaya aka ba shi, a gurguje. An ce mana lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, shi ke nan. Yadda ake yarjejeniya da maɗaba'a, da yadda marubuciya za ta kare kanta daga masu kwashe littafi su mayar da shi dokumen na karantawa a waya suna sayarwa, ba a taɓo ba, alhali wannan ne ke ci wa yawancinmu tuwo a ƙwarya.

Wanda bai taɓa rubuta komai ba, ina ganin ya dakata tukuna, domin ajin gyara ne, sai da abin gyarawa a hannu. Wanda kuwa yake da rubutu ajiye, kuma zai iya jure jan biro, ya je.

Mu biyar daga ajin mun ci gaba da haɗuwa duk Asabar a gidan ɗayarmu a Samaru, kowa da shafi 10. Littafina ya dawo shafi 96, ina kan babi na 11, kuma Asabar mai zuwa ni ce a layin karatu.