Gargaɗi ga masu shirin zuwa Japan kallon furen sakura

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai niyyar zuwa Tokyo ko Kyoto kallon furen sakura, wato furen itatuwan ceri na Japan, a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Akwai wasu da suke buɗe shafuka a Facebook da Instagram suna tallar tafiyar rukuni zuwa Japan. Suna cewa ka biya dunƙule guda su ɗauki nauyin biza da tikitin jirgi da otal da kuɗin shiga lambuna, har da alkawarin cewa ranar da za ka sauka furen ya cika. In ka nuna sha'awa sai su ja ka zauren WhatsApp, su karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Ƙanwata da ƙawayenta suna cikin waɗanda suka biya, kuma har yau ko sisi bai dawo ba. Ban kawo sunan shafin ba domin sunan da lambar wayar canza su suke yi. Salon ne ba ya canzawa, shi kuma zan warware muku.

Mu fara da alkawarin ranar fure, domin da shi suke fara kama mutum. Babu mahaluƙin da zai iya gaya maka tun watan Disamba cewa ranar kaza furen Tokyo zai cika. Yawancin itatuwan da ake zuwa kallo irin Somei Yoshino ne, kuma buɗewarsu ta dogara ne ga sanyin da aka yi a hunturu da ɗumin da ya biyo baya. A Tokyo akwai itace guda a harabar wurin bauta na Yasukuni da jami'an hukumar yanayi ta Japan suke zuwa dubawa. In suka ga fure biyar ko shida sun buɗe a kansa, ranar suke shelar cewa furen ya fara. In kusan kashi 80 cikin 100 ya buɗe, sai su ce ya cika. A 2023 an yi shelar farawa ranar 14 ga Maris. A 2024 sai da aka kai 29 ga Maris. Sati biyu cur tsakanin shekara da mai bi mata, a gari ɗaya, a kan itace ɗaya. Daga farawa zuwa cika kusan mako guda ne, bayan haka kuma kwanaki kaɗan ne furen zai fara zuba, in aka yi ruwa da iska ma ya fi haka sauri. Hukumar yanayin da kanta ta daina fitar da hasashen ranar tun 2010, ta bar wa kamfanoni masu zaman kansu, su ma kuma gyara hasashensu suke ta yi har lokacin ya matso. To mutumin da yake zaune da waya a hannu, wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, ina ya samo tabbacin da masu aikin ba su da shi? Kamfanin tafiye-tafiye na gaskiya zai ce maka ga lokacin da aka fi sa rai, amma ba ya ɗaukar alkawari. Wanda ya rantse maka a kan rana, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Sai kuɗin da suke kira na shiga lambu. A lissafin da aka tura wa ƙanwata an ware wani kaso mai tsoka da sunan tikitin musamman na shiga wuraren kallo, har an jero sunayensu: Ueno, bakin kogin Meguro, Chidorigafuchi, da Maruyama a Kyoto. Duk waɗannan kyauta ake shiga. Ueno lambun jama'a ne, ba wanda zai tare ka a ƙofa. Meguro hanya ce kawai a gefen ruwa, kowa yana tafiya a ƙafa a ƙarƙashin itatuwa. A Chidorigafuchi sai in kana son hawa ƙaramin kwale-kwale ne za ka biya. Inda ake karɓar kuɗi, kamar lambun Shinjuku Gyoen, yen 500 ne ga babba. Wato sun sayar wa mutane iznin shiga wurin da ba shi da ƙofa, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan, domin sun san wanda bai taɓa zuwa ba ba zai sani ba.

Hotunan tallar ma ku lura da su. Akwai sanannen hoton nan na jan hasumiya mai hawa biyar, fure a gabanta, dutsen Fuji a bayanta. Suna sa shi su rubuta cewa abin da za ka gani ke nan daga tagar otal ɗinka a Tokyo. Wurin nan Chureito ne a garin Fujiyoshida na lardin Yamanashi, tafiyar kusan awa biyu daga Tokyo, kuma sai ka hau matattakala kusan 400 kafin ka kai inda ake ɗaukar hoton.

Yanzu ga inda aka yi wa ƙanwata sakiyar da ba ruwa. Bayan ta biya kafin alƙalami, mutumin ya turo mata takarda mai tambarin kamfanin jirgi, da sunanta daidai yadda yake a fasfo, da lambar ajiyar kujera mai harafi shida. Ta shiga shafin kamfanin jirgin ta saka lambar, sai ga sunanta ya fito, da ranar tashi, da filin jirgin Narita. Ta kira ni da murna, ta ce, "Yaya, ka gani ko? Ga sunana a shafin kamfanin da kansa." Mutumin kuma ya biyo da saƙon murya cikin ladabi: "Ranki ya daɗe Hajiya, kin ga aikinmu da idonki. Saura cikon kuɗin kafin ƙarfe shida, in ba haka ba kujerar za ta tafi." Ta cika. Bayan kwana biyu ta sake saka lambar, shafin ya ce babu wannan ajiya.

Ga yadda abin yake. Ana iya kama kujera a jirgi ba tare da an biya ba, kamfanin ya riƙe ta na ɗan lokaci, in ba a biya ba ta goge da kanta. A cikin wannan ɗan lokacin sunanka zai fito a shafinsu kamar gaske. Tikitin da aka biya yana da wata lamba daban mai alƙaluma 13, kuma ita ce shaida. In an turo maka takarda, nemi wannan lambar, ka kira kamfanin jirgin da lambar wayar da ka samo da kanka a shafinsu, ka tambaya ko an fitar da tikitin. Kada ka kira lambar da ke jikin takardar da aka turo maka, domin abokin aikinsu ne zai ɗauka. Haka batun otal yake. Akwai ajiyar ɗaki da ake iya sokewa kyauta, sai su kama ɗaki da sunanka, su nuna maka, su soke bayan kuɗinka ya shiga. Rubuta wa otal ɗin kai tsaye ka tambaya ko an biya ko kuwa ajiya ce kawai. In kuma gidan haya ne na kwanaki, tun watan Yuni na 2018 dokar Japan ta wajabta wa masu irin waɗannan gidaje rajista, kuma kowane yana da lambarsa. Wanda ya kasa ba ka lamba, rabu da shi.

Batun biza shi ne mafi haɗari, domin ya wuce asarar kuɗi. Suna cewa suna da mutum a ciki, biza tabbas ce, ba sai ka kawo bayanan asusunka ba, su za su haɗa maka takardu. Ofishin jakadancin Japan ne kaɗai yake yanke hukunci a kan biza, kuma yana neman jadawalin inda za ka kwana kowace rana da shaidar cewa kana da abin ɗaukar nauyin kanka. In suka haɗa takardun bogi da sunanka aka gano, kai ne za ka kwana a ciki, ba su ba. In aka hana ka biza ba a gaya maka dalili, kuma ba a karɓar wata takardar neman daga gare ka a kan wannan manufa sai bayan wata shida. Furen shekarar ya wuce ka ke nan. Ko da bizar ta fito, jami'in shige da fice a filin jirgi ne yake da ta cewa ta ƙarshe, kuma tun 2007 ana ɗaukar hoton yatsu da na fuskar baƙi a wurin shiga.

Akwai kuma wani romon baka da suke yi wa samari a keɓe, cewa ka shiga da bizar yawon buɗe ido, in ka isa akwai aiki yana jiranka. Bizar ziyara ba ta wuce kwana 90, kuma ba ta halatta aiki. Wanda ya zarce wa'adinsa, dokar Japan ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da za ta iya kai yen miliyan 3, sannan wanda aka kora ana hana shi dawowa na shekara 5. Ina roƙon iyaye da yayye su sa ido a kan wannan, domin yaron da aka yaudara ta nan ba ya faɗa wa kowa sai abu ya lalace.

Wani abin da suke cusawa a lissafi shi ne katin jirgin ƙasa na baƙi, Japan Rail Pass, wai sun samo shi da rangwame. A watan Oktoba na 2023 na kwana 7 ya koma yen 50,000 daga yen 29,650, sai su riƙa nuna tsohon farashi don ka ga kamar sun yi maka alheri. Ana sayensa ne a shafinsa na hukuma ko wurin wakilan da aka amince da su, kuma sai ka nuna fasfonka a Japan kafin a miƙa maka. Ƙari a kan haka, in Tokyo da Kyoto kawai za ka, zuwa da dawowa a jirgin Shinkansen bai kai kuɗin katin ba, don haka ba ka ma buƙatarsa.

Zauren WhatsApp ɗin da suke saka mutane shi ma ɓangare ne na aikin. Kullum za ka ga wani ya turo hoton rasit yana cewa ya cika kuɗinsa, wata tana godiya wai bara ta je da su. Ƙanwata ta taɓa tambaya a zauren ko kamfanin yana da ofis da za a iya zuwa, nan take mutum uku suka taso mata da cewa tana ɓata wa bayin Allah suna, har ta ji kunya ta ba da haƙuri. Ranar da aka rufe zauren, lambobin mutanen ukun nan tare suka mutu da ta mai shafin. Suna kuma amfani da wata gaskiya don su matsa maka: lokacin fure otal yana wuya a Japan. Haka ne, a watan Maris na 2024 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan 3, karon farko da aka kai haka a wata guda. Amma cunkoso dalili ne na ka kama ɗakinka da wuri da hannunka, ba na ka tura kuɗi asusun wani mutum kafin ƙarfe shida ba. Ku duba sunan asusun ma. Shafin yana ɗauke da sunan kamfani, asusun kuma na mutum ɗaya ne, cikon kuɗin kuma wani asusun daban suka ba ƙanwata. In sun ce suna da abokin hulɗa a Japan, kamfanonin tafiye-tafiye a can suna da lambar rajista daga hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ko daga gwamnan lardi. Ku nemi lambar.

Ba ina hana kowa tafiya ba ne, abin kallo ne da ya cancanci a je. Mai son zuwa ya nemi bizarsa ta hanyar da ofishin jakadancin ya shimfiɗa, ya sayi tikiti wurin kamfanin jirgi ko wurin ejan mai ofis da aka sani, ya kama ɗakin da ake iya sokewa, ya ba kansa kwanaki masu ɗan yawa. In ya tarar furen Tokyo ya zuba, arewa tana baya: Sendai sai cikin Afrilu, Hirosaki wajen ƙarshen Afrilu, Sapporo daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu.

Wanda kuma ya riga ya biya, ya je bankinsa yau ɗin nan da rasit da lambar asusun da ya tura wa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya adana hotunan hirar da saƙonnin murya kafin a goge su. Kada kunya ta sa ka yi shiru, da shirun mutane suke samun na gaba. In ka tura musu hoton fasfonka, ka faɗi hakan a cikin ƙarar, domin suna iya amfani da shi. Kuma ka shirya wa kira na biyu. Bayan an rufe zauren, wani ya kira ƙanwata ya ce shi lauya ne da yake ƙwato wa waɗanda aka cuta kuɗinsu, sai dai ta fara biyan kuɗin buɗe fayil. Ya san sunanta, ya san adadin da ta biya da ranar da ta biya, bayanan da babu mai su sai waɗanda suka karɓi kuɗin. Ta kashe wayar, ta ƙara lambarsa a cikin ƙarar da ta kai.